Wa Ke Riƙe da Lissafin Magungunan Tsohonmu?

A shekarar 2009 wasu masu bincike a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Nick Barber, suka fitar da sakamakon aikin da suka yi a gidajen kula da tsofaffi 55. Sun bi diddigin magungunan mutum 256, tun daga alƙalamin likita har zuwa bakin mai sha. Idan aka yi raba-daidai, kowane tsoho a cikinsu yana shan magani iri takwas. Bakwai cikin kowane goma an yi musu kuskure aƙalla ɗaya: ko an rubuta abin da bai dace ba, ko an ba da wani abu daban daga kantin magani, ko an tsallake lokacin sha, ko an manta da gwajin jinin da maganin ke buƙata.

Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Likitan da ke rubutawa sau da yawa bai san tsohon sosai ba, wani lokaci ma babu takardunsa a gabansa. Ma'aikaciyar da ke rabon magani tana tsaka da aiki za a kira ta, ta dawo ta rasa inda ta tsaya. Saƙo mai muhimmanci yakan wuce da baki kawai. Kowa ya riƙe guntunsa, babu wanda ya riƙe duka.

Wannan fa a inda akwai ma'aikata masu albashi ke nan, da takardar da ake sa hannu bayan kowace ƙwaya. A ƙasar Hausa kai uwa ko uba gidan tsofaffi abin kunya ne, kuma gidajen ma ba su da yawa. Amma jinyar dogon zango muna yin ta, a ɗakin Hajiya da ɓarin jikinta ya shanye shekara uku, da ɗakin Baba da ya daina gane 'ya'yansa. Ma'aikatan su ne suruka, da 'yar da ta dawo gida zawarci, da jikar da ke aji uku a sakandare. Takardar sa hannu ita ce ƙwaƙwalwarsu. Ma'ajiyar magani kuwa baƙar leda ce a ƙarƙashin matashin kai. Zazzage ta ka gani: ga wanda aka rubuta a babban asibiti bara, ga na asibitin kuɗi da aka je da daddare, ga wanda ɗanta ya aiko daga Abuja, ga man zafi da ƙwayoyin da wata ta zo da su tsaraba daga Makka, ga haɗin mai kemis a ƙulle ba suna, ga gorar jiƙo a gefen gado. Tambayi kowa a gidan amfanin kowanne, amsar ɗaya ce: "Likita ne ya rubuta." Wane likita, yaushe, don me, sai a fara kallon juna.

Dalilin da ya sa wannan ya fi zama haɗari ga tsoho yana cikin jikinsa. Ƙoda ce ke tace magunguna da yawa ta fitar da su ta fitsari, kuma ƙarfinta yana ja baya da shekaru ko da mutum lafiyarsa ƙalau. Aikin hanta ma yana yin sanyi. Tsoka da ruwan jiki suna raguwa, kason kitse yana ƙaruwa, don haka maganin da ke narkewa a kitse yakan sami wurin maƙalewa. Ɗauki dayazefam, wanda aka fi sani da Valium. A jikin ɗan shekara 20, wajen awa 20 ya isa rabinsa ya fita. A jikin ɗan shekara 80 sai ya kai wajen awa 90. Ƙwayar daren Litinin tana nan ba ta tafi ba ta Talata za ta same ta, ta Laraba ta hau kansu. Kafin Juma'a Baba ya fara gyangyaɗi a kan buzun salla, yana tangaɗi in ya miƙe, kuma mutanen gida za su ce tsufa ne.

"Tsufa ne" ita ce kalmar da ta fi rufe ɓarnar magani a gidajenmu. Mu ɗauki wata tsohuwa mai hawan jini, a bi ta a hankali. An ba ta amlodifin, magani mai kyau da miliyoyin mutane ke sha, sai dai yakan kumbura wa wasu ƙafa. Bayan wata biyu takalminta ya daina shiga. Aka kai ta wani asibitin, ba a je da kwalin maganin ba, likita ya danna ƙaurinta ya ga yatsa ya lotsa, ya rubuta Lasix, maganin sa fitsari. Kumburin bai wani sauka ba, domin ba yawan ruwa ne ya kawo shi ba, amma yanzu tana tashi fitsari sau huɗu kafin asuba, kuma duk ta miƙe sai ɗakin ya juya mata. Jikanta ya je kemis ya ce Kaka tana jiri, aka ba shi Stugeron, wanda ke sa barci, kuma in an daɗe ana sha yakan sa wa tsoho sanƙarewa da rawar hannu. Wata asuba ta ɗauki buta za ta kewaya, ƙafa ta goce a bakin ƙofa, ƙugu ya karye. Masu zuwa dubiya za a ce musu faɗuwa ta yi. Gaskiya ne, amma ƙwaya uku ne suka ka da ita, ta biyu an ba ta ne don maganin abin da ta farkon ta haifar, ta uku kuma don abin da ta biyun ta haifar. Likitoci biyu, Paula Rochon da Jerry Gurwitz, sun bayyana wannan sarƙa a tsakiyar shekarun 1990, kuma masu kula da lafiyar tsofaffi suna da ƙa'ida a kanta: duk sabon ciwon da ya ɓullo wa tsoho mai shan magani, a fara tuhumar maganin kafin a ƙara wani.

Wanda ya fi ba ni tsoro a cikin ledar shi ne ƙullin da ba suna. Gwiwa da baya ba sa barin tsoho ya yi barci, sai a aiki yaro: "Ka ce a haɗa mata na ciwon jiki." A cikin haɗin galibi akwai diklofenak ko ibufurofen ko Feldene, wani lokaci biyu a tare, wani lokaci har da firednisolon. Ciwon zai lafa, tsohuwa ta ce maganin ya karɓe ta, a mayar da shi na kullum. Dangin diklofenak ɗin nan yana cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, kuma tsoho ba lallai ya ji zafi ba, sai dai a ga ya ɗashe, bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta. Yana ɗaga hawan jini, sai a ƙara mata maganin hawan jinin. Idan kuwa ya haɗu da maganin sa fitsari da maganin hawan jini irin su lisinofiril, ukun nan suna iya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, musamman a zafin Afrilu, lokacin da tsohon da ƙishirwa ba ta cika damunsa ba zai wuni bai sha ruwan kirki ba, ko ranar da gudawa ta kama shi. Akwai ma ɗan'uwansu Indocid, wanda mutane ke barbaɗawa a abinci don kashe ɓera, amma a ba wa mahaifi shi don ciwon gwiwa.

Tun 1991 wani likitan tsofaffi a Amurka, Mark Beers, ya tara ƙwararru suka fitar da jerin magungunan da cutarwarsu ga tsoho ta fi amfaninsu yawa. Don mazauna gidajen jinyar tsofaffi aka fara tsara shi. Yanzu ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ce ke sabunta shi, an kuma sake sabunta shi a 2023. Wanda ya duba jerin zai ga kamar an leƙa kemis ɗin unguwarmu ne. Valium da danginsa suna ciki. Amitiriftilin yana ciki. Piriton ma yana ciki, ƙaramar ƙwayar murar nan da ake ɗauka ba komai ba ce, alhali a jikin tsoho tana busar da baki, ta ƙulle ciki, ta riƙe fitsari ga dattijon da dama fitsarin ke masa wuya, ta kuma rikita tunani. Magunguna da yawa suna da irin wannan halin kaɗan-kaɗan, kuma idan suka haɗu a jiki ɗaya ƙarfinsu taruwa yake yi. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Likitoci sukan fara sa ido sosai da zarar magungunan mutum na kullum sun kai biyar.

Gilibenkilamid, wato Daonil, shi ma yana cikin jerin, kuma yana da arha, shi ya sa ya cika gari. Yana daɗewa a jiki yana saukar da suga, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Tsohuwar da ta ɗan taɓa tuwo ta ture kwano, amma aka ba ta ƙwayarta cif kamar kullum, tana iya wayar gari tana gumi, tana surutai, tana zagin wanda ba ta taɓa zagi ba, ko ta ƙi farkawa. A gidaje da yawa abin da za a fara kawowa shi ne iska ta taɓa ta, a shiga hayaƙi da tofi, alhali cokali uku na suga a ruwa zai iya dawo da ita idan tana iya haɗiya. Idan ba ta iya haɗiya ba a ɗura mata komai, asibiti za a nufa. Ko ta farfaɗo ma a kai ta, domin wannan maganin yakan sake ka da sugan bayan awanni. Da azumi abin ya fi tsanani. Tsofaffinmu ba sa son a ce su sha azumi, ko da addini ya yi wa marar lafiya da wanda tsufa ya ci ƙarfinsa rangwame. Wanda ya dage zai yi, a kai shi ga likita tun cikin Sha'aban a gyara masa magunguna da lokutansu, kuma in na'urar gwaji ta nuna suga ya yi ƙasa da 70, azumin ranar ya ƙare.

Sai kuma batun da ba a cika son faɗa ba. Tsoho mai gigin tsufa yakan rikice da yamma. Magariba na yi ya ce zai tafi gida alhali a gidansa yake, ya nemi matarsa da ta rasu shekara goma, ya buɗe ƙofa da tsakar dare, ya kai wa mai wanke shi duka. Surukar da ta yi wata uku ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba ita ce za ta ce wa mijinta, "Don Allah ka sa a ba Baba abin da zai kwantar da shi." Wanda bai taɓa irin wannan jinyar ba ba shi da bakin zarginta. Abin da ake bayarwa kuwa galibi maganin masu taɓin hankali ne, irin su halofiridol ko Largactil ko risferidon. Baba zai kwanta, gida zai yi shiru. Amma a 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗinta mafi tsanani a kan sababbin magungunan wannan dangi, cewa suna ƙara yawan mutuwa ga masu gigin tsufa, a 2008 kuma ta haɗa da tsofaffin magungunan dangin. A 2009 Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya rahoto, ya ƙiyasta cewa masu gigin tsufa 180,000 ne ake ba irin waɗannan magunguna a ƙasar, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma mutum 1,800 ke mutuwa a shekara sanadiyyarsu, ban da waɗanda ɓarin jikinsu ke shanyewa. A 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a kowane mako sama da mutum 179,000 a gidajen jinyar tsofaffi na Amurka ake ba su waɗannan ƙwayoyi ba tare da suna da cutar da aka yi maganin dominta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani gwaji da aka yi a Norwe, aka buga a 2011. Masu gigin tsufa 352 ne da suke ta da hankali a gidajen jinya. Wani rukuni aka bar su a kan kulawar da aka saba, wani rukunin kuma aka ba su maganin ciwo a kan tsari har mako takwas, mafi yawansu farasitamol kawai. Tashin hankalinsu ya ragu a fili. Wato da yawa daga cikin masu ihun nan ciwo suke ji, bakin faɗa ne ba su da shi. Kafin a nemi ƙwayar kwantarwa sai a duba: kwana nawa rabonsa da bayan gida, mararsa ta cika fitsari ya ƙi fita, akwai gyambon kwanciya a ƙugunsa, haƙori ne, zazzaɓi ne, ko wani sabon magani aka fara masa makon jiya? Ban ce maganin kwantarwa ba shi da wuri ba. Idan tsoho yana neman ji wa kansa ko wani rauni kuma an duba komai, likita na iya ba da kaɗan na ɗan lokaci. Sharaɗin shi ne a sa ranar da za a dawo a sake dubawa tun ranar da aka fara. In ba haka ba, ƙwayar mako biyu takan zama ta shekara biyu.

Gwajin nan na Norwe yana tuna mana cewa ba yawa ne kaɗai matsalar ba. Likitocin jami'ar Cork a ƙasar Ailan, da suka fitar da nasu jerin irin na Beers a 2008, sun raba shi gida biyu: magungunan da ya kamata a tsayar, da waɗanda ya kamata a fara amma aka yi sakaci. Tsoho yana iya shan ƙwaya tara, kuma wadda ya fi buƙata ba ta ciki.

A matakin gida kuwa, wasu kurakuran a hannu suke faruwa. Hajiya ba ta iya haɗiyar ƙwaya, sai jikarta ta zube na dare duka a faranti, ta murƙushe su da bayan cokali, ta juye a kofin kunu. Hajiya ta kurɓi rabi ta ce da ɗaci, ta kau da kai. Nawa ta sha, babu wanda ya sani. Wata ƙwayar ma ba a yi ta don a daka ba. Duk wadda aka rubuta wa SR ko XL ko MR ko CR a kwalinta an gina ta ne ta riƙa sakin magani a hankali tsawon wuni. Nifedifin irin wannan idan aka dake shi, na awanni da yawa zai shiga jini lokaci guda, jini ya faɗi warwas. Wasu kuma rigar da ke jikinsu ce ke kare ciki. Sifurofulokzasin da tetirasaikilin ba sa shiri da nono, in aka kora su da fura rabon jiki kaɗan ne. Mai harhaɗa magunguna na asibiti ya san wanda ake dakawa da wanda ke da na ruwa a madadinsa, tambaya kawai ake buƙata.

Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar magani a 2017, ta ce kurakuran magani suna cin duniya kusan dala biliyan 42 a shekara, kuma cikin wurare uku da ta ce a fi sa ido akwai lokacin da marar lafiya ke sauya hannu. Ranar sallama daga asibiti ke nan. An canza wa Baba magunguna a gadon asibiti, an dawo gida da sabuwar leda, tsohuwar tana nan inda aka bar ta. Mai jinyar rana ta san an canza, mai jinyar dare ba ta sani ba. Ga kuma magani ɗaya na kamfani biyu, kwali daban, launi daban, ana ba shi duka biyun a matsayin magani biyu.

A Amurka doka ta wajabta wa mai harhaɗa magunguna ya duba magungunan kowane mazaunin gidan jinyar tsofaffi sau ɗaya a wata. Mu ba mu da wannan. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar Tony Anenih ta lafiyar tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan, dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa kuma a 2018 aka sa mata hannu, likitocin da suka ƙware a fannin kuwa kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka aikin ya dawo kan iyali, kuma a ganina farkonsa shi ne a naɗa mutum ɗaya. Ba lallai mai kuɗin gidan ba, ba lallai babban ɗa ba, wanda dai yake kusa kuma yana iya rubutu, da boko ko da ajami. Littafin makaranta mai rahusa ya isa: sunan magani kamar yadda yake a kwali, don me ake sha, nawa, da wane lokaci, wa ya rubuta, ranar da aka fara. Jiƙo da garin magani da na kemis duk su shiga, ba tare da jin kunyar likita ba, domin jiki bai san bambancin na asibiti da na gargajiya ba. Duk wanda ya kawo wa tsoho magani, ko ɗansa na cikinsa ne, sai ya bi ta hannun mai littafin. Nan ne za a yi rigima, na sani. Da wuya suruka ta ce wa yayar mijinta ta dakata da tsarabarta. Shi ya sa dole manyan gida su faɗa a gaban kowa cewa su suka ba ta wannan aikin.

Ranar asibiti a tafi da ledar gaba ɗaya, da littafin, a zube a kan teburin likita. Layi yana da tsawo, likita ya gaji, amma akwai tambayar da ta cancanci minti biyunsa: "Likita, a cikin nan akwai wanda za a iya ragewa?" Mutanenmu sukan ga kamar likitan da ya cire magani ya yanke ƙauna ne, ko bai iya aiki ba, wanda ya cika takarda shi ne gwani. Alhali hawan jinin da aka matsa wa lamba lokacin Baba yana shekara 60 yana zuwa kasuwa ba lallai a bi shi da ƙarfi ɗaya ba yanzu da ya kai 88, ya rame, yana jiri in ya zauna a bakin gado. Haka ma suga: ga tsoho mai rauni, faɗuwarsa ta fi ɗan hawansa saurin kisa.

Ragewar ma tana da ƙa'ida, kuma ba aikin gida ba ce. Ɗaya-ɗaya ake cirewa, a jira makonni a ga yadda jiki zai yi, a rubuta abin da aka gani. Akwai waɗanda ba a yanke su lokaci guda ko da an tabbata ba su da amfani. Wanda ya daɗe a kan Valium in aka tsayar masa kwatsam zai iya jijjiga. Firednisolon da aka sha makonni yana sa jiki ya daina yin nasa, yankewar farat ɗaya tana iya ka da mutum. Haka atenolol da danginsa na zuciya, haka maganin farfaɗiya. Waɗannan likita ne zai tsara yadda za a riƙa rage su, wani cikin makonni, wani sai an ɗauki watanni.